Kano ko Damagaram: Ina Mai Hoto Zai Kai Kyamararsa?

Ƙanena ya shekara yana zubin adashi a wurin aiki, da kwasarsa ta zo sai ya sayi kwancen kyamara da gilashi guda ɗaya, wato idon da ake ɗaura mata a gaba. Yanzu ya sami hutun kwana huɗu a watan Disamba, abin da ya rage a aljihunsa kuma ba zai kai shi gari biyu ba. Ya kira ni bayan isha'i ya ce, "Yaya, tsohon gari nake so in ɗauka, gini da lungu. Kano zan nufa ko Damagaram?" Na ce masa ya ajiye waya, zan rubuta, domin amsar ta fi ƙarfin katin da ya sa.

Kafin a zo maganar kuɗin mota, akwai tambayar da nake yi wa duk mai wannan shawara. Rufe idonka ka hango hoton da kake son komawa gida da shi, wanda za ka wanke ka rataye a ɗaki. Me ya cika shi? In bango ne, da zanensa da zankwayensa, mutum kuma ɗan ƙarami yana giftawa ta gefe, to Damagaram ce take kiranka. In kuwa mutum ne a bakin sana'arsa, hannu cikin aiki, tsohon gini yana bayansa kamar mai gadi, Kano za ka. Yawancin masu tambaya ba su taɓa raba waɗannan biyun a ransu ba, shi ya sa suke zuwa Kano neman bango su dawo da takaici, ko su je Damagaram neman hada-hada su ce garin ya yi musu shiru.

Bari in fara da Kano, don ita kowa yake fara ambata, kuma tana da hujja. An fara ganuwarta tun zamanin Sarki Gijimasu, a farkon ƙarni na 12. Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, ya gina gidan sarautar da har yau ake kira da sunansa, ya kafa Kasuwar Kurmi. Wajen tsufa da nauyin tarihi Damagaram ba ta kama ƙafarta ba. Matsalar ita ce kyamara ba ta ɗaukar tarihi, abin da yake tsaye gabanta kawai take gani. Abin da yake tsaye a cikin birnin Kano yau kuwa yawancinsa bulo ne da siminti da kwano. Ganuwa ta zaizaye, wani wuri ta zama tudun ƙasa da awaki suke hawa, wani wuri an yanka ta an yi shaguna. Ƙofofi da dama an rushe su don faɗaɗa titi an sake gina su da siminti a siffar da. Ka tsaya gaban Ƙofar Nassarawa ko Ƙofar Na'isa za ka sami hoto mai kyau, amma na sabon gini ne sanye da rigar tsoho.

Ginin ƙasa na gaske yana nan, sai dai neman sa ake yi. Gidan Makama, wanda yake kusa da fada kuma yanzu gidan tarihi ne, shi ne wuri mafi sauƙi da za ka ga rufin azara da bakan gizo daga ciki ba tare da ka roƙi kowa ba. Gidan Ɗan Hausa a Nassarawa, inda Baturen nan Hanns Vischer ya zauna lokacin da ya buɗe makarantar boko a 1909, yana da zane a jikinsa da za ka wuni kana juyawa. Akwai Ƙofar Kudu ta fada. Sauran sai ka shiga lungunan unguwanni irin su Dala, Madabo, Yakasai, Kurawa da Mandawari, kana tafe kana ɗaga kai. Za ka wuce gidan bulo goma kafin ka ci karo da zaure ɗaya mai zanko da tsohon ƙyaure, shi ma ɗin akwai wayar lantarki shida a gabansa, da fostar ɗan takara a ƙirjinsa, da Adaidaita Sahu a fake bakin dakalinsa. Wannan ba laifi ba ne in ka karɓe shi a matsayin abin da za ka ɗauka. In kuwa ka zo da burin bango tsaf babu waya babu fosta, za ka sha wahala.

Damagaram, wadda taswira take rubutawa Zinder, yarinya ce a kan Kano. Ƙarfinta ya bunƙasa ne a ƙarni na 19, musamman zamanin Sarki Tanimu, wanda ya kewaye Birni da ganuwa, ya tara bindigogi har da igwa, ya rasu a 1884. Faransawa sun kama garin a 1899, suka mai da shi hedikwatar ƙasar da suka yanka, har zuwa 1926 da suka kwashe mulki suka koma Yamai. Wannan ƙaurar ta rage wa garin arziki, amma mai hoto ya ci ribarta, domin kuɗin da suka rushe gidajen ƙasa a Kano suka maye su da bene ba su zubo wa Damagaram da irin wannan yawan ba. Ga kuma ruwan sama: abin da yake sauka a can kusan rabin na Kano ne, ruwa kuwa shi ne babban abokin gabar tubali.

Tsohon garin kashi biyu ne. Birni, inda fadar Sarkin Damagaram take, da Zango, inda fatake da attajiran da suke hulɗa da ayarin Sahara suka zauna. A cikin Birni kana iya tafiya layi guda kana ganin gidan ƙasa na bin gidan ƙasa, fuskokin zaure da zanen da aka tayar da yaɓe ko aka karta a jikin bango, wasu an bi su da fenti shuɗi da kore da ja, wasu an bar su launin ƙasarsu. Sannan ga abin da Kano ba ta da shi sam: manyan duwatsu mulmulallu a tsakiyar unguwa, gida ya jingina da dutse, lungu ya kewaye shi. Santsin dutse kusa da kaushin yaɓe, a hoto ɗaya, abu ne da ba sai ka iya ba ma zai yi kyau.

Kada wannan ya sa ka ɗauka Damagaram an adana ta cikin kwalba. Siminti yana ci a can ma, ganuwar Tanimu saura kaɗan ta rage, kuma a watan Satumban 2024 ruwa mai ƙarfi ya rushe tsohon masallacin ƙasa na Birni wanda aka gina a tsakiyar ƙarni na 19. Duk wanda ya ga hotonsa a intanet ya ɗaura niyya saboda shi, ya san da haka tun daga gida. Garuruwan biyu suna cikin jerin wuraren da ƙasashensu suka miƙa wa UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, suna jiran a amince da su a matsayin kayan tarihin duniya, Damagaram tun 2006, ganuwar Kano tun 2007, kuma jiran bai hana ko ɗaya zubewa ba.

Yanzu maganar haske, wadda a nan ne nake so in daɗe, don ita ce take raba wanda ya dawo da hoto da wanda ya dawo da shaidar cewa ya je.

Abin da ake koya wa kowa shi ne a fita da sassafe ko da la'asar sakaliya, a ɓuya da rana. Wannan gaskiya ne ga fuskar mutum da faɗin gari, amma zanen bango yana da tasa ƙa'idar. Zanen da aka tayar da yaɓe bai fi kaurin yatsa ba, abin da yake fito da shi kuma inuwar da kowane layi yake jefawa ce. In rana ta haska bango gaba da gaba, inuwar ta ɓace, zanen ya kwanta kamar ba a yi shi ba. Sai haske ya zo ta gefe ko ta sama yana shafar bangon kamar mai yaɓe, sannan dagi ya tashi ya tsaya. Saboda haka ka fara sanin ina bangon yake kallo. Wanda yake kallon gabas, da sassafe launinsa yake da kyau, amma zanensa sai wajen ƙarfe goma da rabi zuwa sha ɗaya da rabi yake fitowa, lokacin da rana ta yi sama tana shirin barin sa. Wanda yake kallon yamma, daga ƙarfe ɗaya zuwa biyu. A hunturu rana tana karkata kudu a garuruwan biyu, don haka bango mai kallon kudu yana samun hasken gefe da safe da yamma, kuma ko da tsakar rana bai mutu ba. Mai kallon arewa yana cikin inuwa wuni zubur, shi ne wurin ɗaukar launin fenti da fuskar mutum ba tare da ya runtse ido ba.

Wannan ilimi a Damagaram yake biyan kuɗinsa. Gine-ginen gajeru ne, akwai fili gaban gidaje da yawa, rana tana isa bango, kai ma kana da wurin ja da baya. Kana iya zagawa ranar farko da ɗan littafi kana rubuta, "zaure mai shuɗin ƙyaure, yana kallon yamma, a dawo ƙarfe ɗaya," kuma in ka dawo za ka same shi yadda ka bar shi. Akwai wani zaure a Birni da na zauna daura da shi kusan minti arba'in ina jiran wanda zai gifta. Yarinya mai tallan gyaɗa ta wuce, amma ta ganni ta tsaya tana dariya, hoton ya lalace. Wani mai kabu-kabu ya wuce da gudu. Dattijon da nake zaune kan dakalinsa ya miƙo mini shayi a ƙaramin kofi, ya ce, "Ɗana, bangon nan tun kakana yake nan, ba inda za shi." Can sai ga wani malami da farar riga da buta a hannu, inuwarsa ta riga shi shiga cikin zanen. Sau ɗaya na danna.

A Kano ba ka da wannan sararin. Lungu matsattse ne, gidajen bene sun tare rana, haske yana faɗowa ne yanki-yanki, rabin bango fari fat rabi baƙi ƙirin. Wurin da ka gani da safe, in ka dawo da azahar mai shayi ya kafa tebur, ko an sauke buhunan gawayi. Amma irin wannan hasken yankakke shi ne abincin mai ɗaukar titi. Ka sami inda rana ta tsaga rumfar kwano a Kurmi ta zubo kamar igiya, ka auna haskenka a kan wurin da ya fi haske, ka bar sauran ya yi duhu, ka jira. A Kurmi ba za ka jira minti arba'in ba. Cikin minti biyu mutum ashirin sun ratsa ta wurin, ɗan dako da kaya a ka, mai turare, tsohuwa da ƙwarya, yaro da linzami a kafaɗa daga wajen masu kayan doki. Aikinka zaɓe ne kawai. Hoton baƙi-da-fari ya fi karɓar Kano saboda wannan, yana kuma haɗiye hayaniyar fostoci da ledoji. Damagaram kuwa asara ce ka cire mata launi.

Hazo yana shafar su duka, ƙurar da iska take kwasowa daga ƙasar Chadi tsakanin Disamba da Fabrairu. Ranar da ya sauka sosai sama takan zama fara kamar takarda, inuwa ta yi laushi. A irin wannan rana hawa Dutsen Dala ɓata ƙafa ne, ko Goron Dutse da ƙyar za ka hango, balle koren tulluwar babban masallaci. Ka sauko ka cire sama daga hotonka gaba ɗaya, ka ɗauki ƙofofi da hannaye da fuskoki. Hazo ya fi yi wa mai zuwa Damagaram illa, tunda shi inuwa ya je nema, mai zuwa Kano kuwa kasuwa ba ta tashi don hazo. Da zaɓi a hannuna yake, ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba zan ce: ruwa ya ɗauke, iska ba ta ɗauko ƙura sosai ba.

Akwai abu biyu a Kano da ko don su kaɗai tafiyar ta biya. Na farko marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498. Ramukan suna jere a ƙasa, marini yana tsugune bakin nasa, ya tsoma zane cikin ruwan baba ya ɗago. Ka lura da kyau: lokacin da zanen ya fito kore-kore yake, sai iska ta buge shi yake rikiɗa ya koma shuɗi a gaban idonka. Ka ɗauki wannan tsakanin, ka ɗauki hannun marinin da ya rine har wuyan hannu. Ka je da hantsi kafin rana ta daki ramukan ta sa ruwan ya riƙa ƙyalli. Na biyu mabuga, inda ake shimfiɗa shadda ko rinannen zane kan gungume ana bugu da manyan sanduna har ya yi sheƙi. Ɗakin yakan yi duhu, haske ta ƙofa kawai yake shigowa. Kada ka kunna fitilar kyamara. Ka jingina da bango, ka rage saurin ɗauka zuwa 1/15 na daƙiƙa, fuskokin su tsaya, sandunan su zama hayaƙi. Damagaram tana da dukawa masu aikin fata da ake ji da su, tana da Kasuwar Dole wadda take cika ranar Alhamis, amma yawan sana'a a wuri ɗaya irin na Kano, wannan kirarin nan ne na "ko da me ka zo an fi ka."

Sai mutane, wanda shi ne abin da littafin koyon hoto ba zai gaya maka ba. Bakano ya saba da baƙo amma bai saba da kyamara a ƙofar gidansa ba, kuma yana da dalili. Wata rana a wani lungu na ɗaga kyamara ina auna wani tsohon soro, kafin in danna mutum uku sun kewaye ni. Babbansu ya ce, "Malam, lafiya? Daga ina aka turo ka? Rusau za a yi?" Sai da na nuna musu hotunan da na ɗauka tun safe, indararo da ƙyaure da zanko, sannan fuska ta saki, ɗaya ma ya ce in zo ya nuna mini gidan kakansa da ya fi wannan. Tun ranar na daina ɗaga kyamara kafin sallama. Ka gai da na kan dakali, ka faɗi sunanka da garinku da abin da ya kawo ka. In za ka daɗe a unguwa, ka nemi wanda zai kai ka gaban mai unguwa. Gaisuwar minti biyar tana buɗe maka lungu goma. A marina da wuraren da baƙi suka saba zuwa za a nemi ka ba da wani abu, ka yi ciniki tun kafin ka fara, ko ka sayi ɗan zane, hakan ya fi mutunci.

A Damagaram mutane sun fi sakin jiki, garin ƙarami ne, a ƙidayar 2012 bai kai mutum rabin miliyan ba, kuma in kana jin Hausa kai ɗan gida ne da ya zo daga kudu. Wahalar can yara ce. Da sun ga kyamara sai su biyo ka garke guda suna "a ɗauke mu," duk bangon da ka nufa sun riga ka isa sun jera. Maganinsu ka ɗauke su ɗin, ka nuna musu, ka zauna ka yi kamar ka gama, za su gaji su watse. Inda za ka yi taka-tsantsan shi ne hukuma. Tsohon barikin Faransawa yana kan tudu a tsakiyar gari kuma wurin soja ne, kada ko da wasa ka juya gilashi wajensa, haka ofishin gwamnati da shingen jandarma. Fada kuma, a garuruwan biyu, ana neman izini wurin dogarai kafin a ɗauka. Jirgin nan maras matuƙi da ake ɗaukar hoto da shi daga sama, ka bar shi a gida ko ina za ka. A halin tsaron da ake ciki zai jawo maka kwana inda ba ka shirya ba.

In mai karatu mace ce, ki san kina da abin da mu ba mu da shi. Namiji iyakarsa zaure. Ke kuwa sallama ɗaya za ta shigar da ke tsakar gida, inda rumbu da murhu da jeren ɗaki suke, rabin ginin Hausa da kusan babu shi a hotunan da maza suka tara. Sai dai abin da aka nuna miki don amana, ki tambaya kafin ki sa shi a Facebook.

Kayan aiki ba su da dogon zance. Kano tana son ƙaramin abu: waya mai kyau, ko kyamara da gilashi ɗaya mai ɗaukar faɗi, milimita 28 ko 35, babu jaka a baya, babu sandar kafa kyamara, don ba inda za ka kafa ta ba a yi tuntuɓe da ita ba. Ka ajiye saurin ɗauka a 1/250 ko sama saboda komai motsi yake. Waya tana da wata riba a can, ba wanda yake tsarguwa da ita. Damagaram ta fi son kyamara sosai, da gilashi mai ɗan jawo nesa, 50 ko 85, domin ka ja baya ka ɗauki bango a miƙe. In ka matsa kusa ka ɗaga kai da gilashi mai faɗi, gidan zai fito kamar zai faɗi ta baya, zankwaye suna haɗa kai. Mai waya kuma ya kula, wayoyin yanzu suna haska inuwa da kansu, su share abin da ka zo nema. Ka taɓa allon ka ja hasken ƙasa. Ko ina ka je a hunturu, kada ka canza gilashi a waje, ƙura za ta shiga ta zauna maka a kowane hoto.

Hanya da kuɗi su ne inda Damagaram take faɗuwa ga wanda yake Najeriya. Tsakaninta da Kano kilomita 240 ne ko kusa da haka, ta Daura da Kwangwalam zuwa Matamaye, ko ta Ɓaɓura zuwa Magarya. A taswira tafiyar rabin wuni ce, amma iyaka da shingaye suna iya cinye maka wunin duka, zuwa da dawowa kwana biyu ke nan daga cikin huɗunka. Ga canji: naira a hannunka, sefa ake karɓa, kuma masauki da abinci za su yi maka tsada fiye da yadda ka lissafa. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 an rufe iyakar an sake buɗewa a Maris 2024, Nijar kuma ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, saboda haka ka je tasha ka tambayi direbobin da suke bin hanyar a satin da za ka tashi, ka riƙe fasfo da katin rigakafi. Ga wanda yake Maraɗi ko Tasawa ko Yamai lissafin juyawa yake, Damagaram ce ta kusa, Kano ce mai iyaka, sai dai shi canji riba ce gare shi. Kano kuma tana da masauki na kowane aljihu, da masu gyaran kyamara, da inda za ka sayi batir in naka ya mutu, abin da zai yi maka wuya a can.

Wani zai ce a bari sai sallah. Hawan Kano ba shi da na biyu, har UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024, kuma Hawan Daushe a Ƙofar Kudu abin gani ne. Amma tun rikicin sarautar da ya taso a 2024 an sha dakatar da hawan, wani lokaci ana saura kwana kaɗan, don haka kada ka gina tafiyarka a kansa. Damagaram ma tana da hawanta, da hawan ƙaho na mahauta. Ni dai a ganina ranar sallah ranar ɗaukar doki da rawani ce. Gini yana ɓacewa bayan taro, mai neman lungu ya zo ranar Talata da ba kowa.

Na san akwai wanda tun ɗazu yake cewa ina Zariya, ina Agadas. Zariya tana da zanen bango da ya kai na ko'ina, a can ne kuma Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallaci a ƙarni na 19, wanda wani sashensa ya rufta a Agustan 2023; ga wanda iyaka ta gagara, ita ce mafi kusa da abin da zai samu a Damagaram. Agadas da hasumiyarta mai tsawon mita 27 wata tafiya ce daban, ba ta kwana huɗu ba.

To, ga yadda na yanke. Wanda ya riga ya iya kyamararsa, yana da mako guda, takardunsa sun cika, kuma gini ne a ransa, ya tafi Damagaram, ya kuma yi sauri, don kowace damina tana rage abin da zai tarar. Wanda yake koyo ma, in yana kusa, can ta fi masa, saboda bango yana jira ka yi kuskure ka gyara, kasuwa ba ta jira. Wanda yake son mutane da sana'a da motsi, ko yake da waya kawai, ko kwanakinsa kaɗan ne, Kano.

Ƙanena kwana huɗu gare shi, a tsakiyar hazo, da gilashi ɗaya mai milimita 35, fasfonsa kuma ya ƙare tun bara. Na ce masa ya tafi Kano, ya sauka kusa da birni yadda zai riƙa shiga da ƙafa. Ranar farko ya bar kyamara a jaka, ya zaga daga Gidan Makama zuwa Kurmi zuwa gindin Dala yana gaisawa yana rubuta inda kowane bango yake kallo. Rana ta biyu marina da mabuga, ta uku lunguna. Dala kuma ya duba sama kowace asuba, ranar da ya ga taurari sun fito tar, ya hau kafin rana ta ɓullo. Ya ce to Damagaram fa? Na ce ya sabunta fasfo, ya shiga wani adashin wanda kwasarsa za ta faɗo a Nuwamba, ni zan biya kuɗin mota.